Ƙasar Sawuna a Teburin Dakta

Kaka ce, amma shekarar ba ta yi ƙanshin kaka ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ɗaukar ido ba, abin da muka yanka a gonarmu ta bayan Zakirai bai rufe gindin rumbu ba. Maigidana Malam Sabo yana kwance tun damina, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kowa a unguwarmu magana yake a hankali, kamar ana zaman makoki ba gawa. Sai wata Hajiya a Kano ta ce za ta kai ni Jidda jinyar wata tsohuwa, in riƙa aiko wa gida, in Allah ya yarda har in ga Ka'aba. Na bar yarana a hannun yayata Talatu, na bi Hajiyar.

Jirgi ya sauke mu a Alƙahira, ƙasar Masar. Aka ce hutawa za mu yi mu canja jirgi. A bakin ƙofar fita wata mata mai jan gashi ta tarbe mu, ni da sauran matan da muka taso tare, ta karɓe fasfo ɗinmu da wayoyinmu ta zuba a jaka tana ta murmushi. Madam ake ce mata. Jirgin Jidda kuwa har yau bai zo ba.

Ta kai mu wani bene can sama, ɗaki cike da mata, wasu daga Habasha, wasu daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Ba mai jin maganar wata. Da safe a jera mu, mutane su shigo su duba hannuwanmu da haƙoranmu su nuna wadda suke so. Wata Bahabashiya da muke kwana kan katifa ɗaya ita ta koya mini da hannu abin da ya fi muhimmanci a garin nan: ta haɗa wuyan hannayenta kamar an sa mata ankwa, ta nuna titi, ta nuna ni, ta girgiza kai. Na gane. Wadda ba ta da takarda, ɗan sanda ya gan ta, shi ke nan.

Gidan farko da aka kai ni ban daɗe ba. Matar gidan tana kulle firij da kwaɗo, in za ta fita ta kulle ni a baranda. Sanyi ya shigo, na kamu da tari, ta mayar da ni wajen Madam kamar an mayar da kwanon da ya fashe.

Gida na biyu yana can ƙarshen gari, inda gine-gine suke ƙarewa rairayi ya fara. Gida ne mai ɗan tsakar gida da bishiyar lemo. Mutum biyu ne a ciki: wata tsohuwa da ba ta iya tashi, ana ce mata Hajja, da ɗanta Dakta Hisham, likitan haƙori, mai furfura, mai ƙarancin magana, bai yi aure ba. Ƙanwarsa Nadiya tana aure a cikin gari, ita ta ɗauko ni daga hannun Madam, ita take zuwa duba ko na yi aiki. Sun kasa faɗin Asabe, suka mayar da ni Sabah.

Gaskiya ban sha wuyar ci a gidan nan ba. Hajja tana da kirki. In na gama yi mata wanka sai ta kama hannuna ta sumbata, ta tura mini dabino a tafi. Abin da ya hana ni sakewa wani ɗaki ne a bayan falo.

Ranar da aka fara buɗe mini shi in share, na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Tebur ne ƙato, ya kusa cika ɗakin. A kansa an shimfiɗa hamada sukutum: rairayi, kwazazzabai, busasshen rafi, da duwatsu jajaye masu hawa-hawa, wani kan wani, kamar waɗanda na hango ta tagar jirgi. A tsakanin duwatsun ga mutane ƙanana, tsawonsu bai fi gaɓar yatsa ba, da bindigogi, da raƙuma, da motocin yaƙi. Kowane da idonsa da gemunsa. Wasu a kwance, an ɗiga musu ja a ƙirji. Na yi a'uziyya, na share ƙasa ina kallon bango, na fita da baya.

Daga baya na ga yadda Dakta yake yin duwatsun, domin in ya dawo daga aiki nan yake zama, ni nake kai masa shayi. Farin soso ne mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon firij. Yana da wata waya da yake jona wa wuta ta yi zafi, ya yanka soson da ita fale-fale, wari ya cika ɗakin. Ya jera su wani kan wani da gam, babba a ƙasa, ƙarami a sama, ya soke su da tsinken sakace. Sai ya ɗauko ƙarafan nan masu ƙugiya na aikin haƙori ya yi ta ƙwaƙule gefensu, ya tsaga nan, ya gutsure can. Wani lokaci ya ɗauki dutsen gaske ya riƙa dannawa a jiki don ya bar masa tabo. Bayan nan ya kwaɓa farin garin da suke ɗaukar siffar haƙoran mutane da shi, ya yaɓe, ya bari ya bushe. Ya shafa gam, ya barbaɗa rairayi. Sannan fenti: ya fara da baƙi-baƙi, ya bi da jan ƙasa, a ƙarshe ya tsoma buroshi a fenti mai ruwan madara, ya goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ya riƙa shafar goshin dutsen a hankali. Kana tsaye kana kallo soso zai zama dutsen da rana ta daɗe tana duka.

Ni na taso ina yaɓen ɗaki da daɓe, aikin hannu ba ya ba ni tsoro. Ranar Alhamis ce ta ba ni tsoro. Bayan la'asar sai wasu maza su zo, manya masu tumbi da tabarau, su kewaye teburin. Su watsa 'ya'yan lido a kan rairayi, su sunkuya su ƙirga ɗigon, su buɗe wani littafi mai kauri su duba, su auna da tef irin na tela, sannan ɗaya ya sa hannu ya kwantar da ɗan mutum guda. Wani mai sanƙo a cikinsu in an kwantar da nasa har dafe kai yake. Na ce a raina, a garinmu mai bugun ƙasa faifai ɗaya na rairayi yake da shi, mutane suna tsoronsa. Wannan tebur guda ne.

Wata safiya na gama wanki, na ratsa tsakar gida ba takalmi zuwa igiyar shanya. An yi yayyafi, rairayin ya yi laushi, sawuna ya fito sarai har yatsu. Ina shanya sai na ji motsi. Na waiga, ga Dakta a tsugune da cokali da faranti, yana kwasar rairayi daidai inda na taka. Ya kwashe sawun dama, ya matsa ya kwashe na hagu. Ya ɗago ya yi mini murmushi, ya shige kicin, ya sa farantin a murhun gasa kaji, ya kunna wuta. Da ya huce ya miƙo mini rariya, ya nuna mini in tankaɗe masa.

Na tankaɗe. Na tankaɗe ne don ban san yadda ake cewa a'a da harshensu ba, kuma ban san abin da zai biyo bayan a'ar ba.

A ƙauyenmu akwai wani Ɗan'azumi, sa'an babban wana. An ɗebi sawunsa a ƙofar masallaci aka yi masa kurciya. Ya fita sayen gishiri ran kasuwa, ya miƙe hanya, ba a sake ganinsa ba. Masu zuwa kudu suka ce sun gan shi lafiya ƙalau, yana dako, in an yi masa zancen gida sai ya yi dariya kamar ana ba shi labarin wasu. Uwarsa ta mutu tana ajiye masa tuwo. Tun muna yara in mun taka jiƙaƙƙiyar ƙasa a ƙofar gida sai kakarmu ta sa mu goge da ƙafa.

Daga ranar na daina fita ba takalmi, kuma duk inda na taka sai na bi da tsintsiya.

Ba a jima ba sai zancen zane. Akwai wani tsohon zanena mai ruwan goro da na yaga ina goge-goge da shi. Na wanke na shanya, na dawo na tarar an yanke kusurwa ɗaya da almakashi, yanka mai kyau. Da na shiga shara na gan ta. An kafa ta da tsinke a gindin wani jan dutse, ta zama 'yar bukka.

A tsakanin nan ne na haɗu da Gwaggo Hawwa. Ana aika ni sayen gurasa a bakin layi, ina tafiya ina bin jikin bango, in na hango baƙar riga ta ɗan sanda sai in sunkuyar da kai. Kusa da mai gurasar akwai wata tsohuwa baƙa da take sayar da shayi da turaren wuta. Ran nan kyanwa ta sa baki a madararta, sai na ji ta ce, “Tashi nan, ɗiyar banza, uwarki ta aza?”

Gurasar ta faɗi daga hannuna. Na ce, “Inna, Hausa kike ji?”

Ta dube ni sama da ƙasa. “A'a, Turanci nika yi da mussa. Ke ɗiyar wane gari?”

Na durƙusa a gabanta na kama kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta zuba mini shayi. Ita Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka suka zauna a hanya, yaƙi kuma ya koro ta nan da jikokinta. Hausarta ta tsufa, ta sha Larabci, amma a kunnena ta fi ruwan sanyi.

“Mutanenki sun san inda kike?”

Na ce rabona da su tun Kano. Ta zaro waya daga ƙirjinta ta miƙo mini. “Kira. Kar ki daɗe, ba gwamna ya haife ni ba.”

Lambar ɗana Nasiru na haddace ta tun a ajin yaƙi da jahilci, da ita na koyi rubuta lambobi. Ko daga barci aka tashe ni ina karanto ta. Na danna, wani mutum ya ɗauka yana Yarbanci. Na sake, aka ce babu wannan lamba. Na rufe ido na karanto daga farko, ina zuwa ƙarshe sai lambobin su watse mini, wannan ta shiga gaban waccan. Na gwada har Gwaggo ta karɓe wayarta. Na yi ƙoƙarin tuna muryar autata Ummi, yadda take cewa Inna in tana son abu. Sai muryar Hajja ce ta zo mini a rai tana kiran Sabah.

Na gaya wa Gwaggo komai, sawu da zane da tebur. Ta yi tsaki. “Wasa na, ɗiyata. Masu kuɗin garin ga ba su da aikin yi. Na ga irin 'yan sojan nan a shago, a kwali aka saishe su.”

“Wasa da sawun mutum, Gwaggo? Har da gasawa?”

Ta ajiye cokalin shayi. “Gasawa kuma?”

“A murhu. Ni na tankaɗe.”

“To, wannan ban sani ba,” in ji ta. “Riƙe Falaƙi da Nasi.”

Na riƙe. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne na fara sabawa. Na fara jin daɗin wakensu. Na iya sunayen magungunan Hajja. Wata rana har na ji kaina ina 'yar waƙa ina wanke-wanke, na tuna tun safe ban yi tunanin Malam ba, ko an juya shi, ko an ba shi kunu. Na ajiye kwanon na zauna a ƙasa.

Sai ran da na kai wa Dakta shayi ya yafito ni da hannu, fuskarsa a sake. Ya nuna mini gindin jan dutsen nan. Kusa da bukkar zanena ya yi 'yar rijiya, a bakin rijiyar ga wata 'yar mata tsaye da tulu a ka. Baƙa ce. Ɗankwalinta kore, irin wanda yake kaina. Ya sa ƙarfen haƙori ya taɓa ta a hankali, ya dube ni, ya ce, “Sabah.”

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. An ɗebi sawuna, an yanki zanena, yanzu an yi ni, an kira ni da suna, an tsayar da ni a tsakiyar hamadar da ba hanya, sojoji ta kowane gefe.

Washegari da ya tafi aiki na shiga shara, na tsinke ta daga bakin rijiyar, na cire bukkar, na ƙulle su a haɓar zanena. Na tafasa ruwa, na tofa duk abin da na iya daga Alƙur'ani, na jefa ta a ciki, don a garinmu in an tono abin binne wanke shi ake yi. Da na tsamo ta sai na ga ta yi laushi, wuyanta ya karkace, tulun ya kwanto kan kafaɗa, fentin fuskar ya saɓule. Na shafa nawa wuyan. Wunin ranar ban iya waiwaye sosai ba. Na tura ta ƙarƙashin katifata.

Ranar Alhamis ce ta tona. Baƙin sun taru, na ji Dakta yana ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba. Nadiya tana gidan. Ta fito kai tsaye zuwa ɗakina, ta zazzage jakata, ta ɗaga katifa. Ta ɗauko abin da yatsu biyu ta kai falo, ta dawo ta ja ni da hannun riga. Maganarta ban ji ba sai kalma ɗaya da na riga na sani, sunan 'yan sanda. Ta ɗaga waya tana dannawa.

Na zube a gaban mazan nan. Na haɗa hannu ina cewa Gwaggo Hawwa, Gwaggo Hawwa, ina nuna bakin layi. Hajja daga ɗaki take ta kiran sunan 'yarta. Dakta ya karɓe wayar daga hannun ƙanwarsa, ya aiki mai gadin gidan ya kira ta.

Gwaggo ta shigo da warin hayaƙinta, ta ƙi zama a kujera, ta zauna kusa da ni a ƙasa. Ta saurare su, ta juyo. “Sun ce kin yi sata. Ya ce in kuɗi ne da ya gane, amma mi za ki yi da wannan, har ki dafa ta?”

Na ce, “Ki tambaye shi me na yi masa da zai yi mini kurciya.”

“In faɗa haka?”

“Ki faɗa.”

Ta daɗe tana yi musu bayani, tana nuna ƙafata, tana nuna murhu, tana nuna zane. Mai sanƙon nan ya fara dariya, sauran suka kama. Dakta ma ya yi, har ya cire tabarau yana goge ido. Ya yi magana, Gwaggo ta juya mini.

“Ya ce rairayin da aka taka ya fi laushi, shi ya sa ya ɗiba nan. Gasawa don ƙwari su mutu. Ɗiyar kuma don ki ji daɗi ya yi ta, wai har mai gadi da mussar uwarsa suna bisa teburin.” Ta ƙara da nata, “Na gaya miki ba su da aikin yi.”

Na ce, “To me ya sa na manta lambar ɗana? Me ya sa na kasa tafiya gida?”

Da ta faɗa masa sai dariyar ta tsaya. Ya nuna ƙofa ya yi magana a hankali.

“Ya ce ƙofa a buɗe take, wa ya riƙe ki?”

Wannan karon Gwaggo ba ta jira ni ba. Ta miƙe tsaye ta ba shi amsa da kanta, da Larabci mai zafi, tana lissafa masa da yatsu. Na ji ta ambaci Jidda, na ji fasfo, na ji Madam. Dakta ya juya ya dubi Nadiya. Ita ta ɗaga kafaɗa ta yi magana da sauri.

“Mi ta ce?” na tambaya, har na ari bakin Gwaggo ban sani ba.

“Ta ce kowa haka shika yi, hakkin aikinki Madam aka ba, ita ba ruwanta. Shi kuma wai bai taɓa tambaya ba.” Gwaggo ta tofar da abin da ba ya bakinta. “Yana ganin idon ɗan soja kamar ƙwayar gero, bai ga mutum a gidansa ba.”

Baƙin suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Dakta ya ɗauki makullin mota ya fita. Muka zauna, ni da Gwaggo a ƙasa, Nadiya a kujera tana kaɗa ƙafa. Ya dawo gab da magariba hannu wofi. Benen Madam a kulle, maƙwabta sun ce ta kwashe matan ta tashi, wayarta ba ta shiga. Fasfo ɗina ya tafi da ita.

Ya zauna a bakin kujera ya yi magana mai tsawo, Gwaggo tana juya mini guntu-guntu. Akwai hanya ɗaya. Zai kai ni ofishin jakadancin ƙasarmu a yi mini takardar komawa, shi zai ɗauki nauyin jirgi. Amma tunda na zauna ba izini, dole sai na miƙa kaina ga hukumar garin, su kuma suna iya tsare ni kafin su sallame ni. Ba zai iya cewa kwana nawa ba.

Nadiya ta sassauta murya ta sa baki. Gwaggo ta ce, “Ita kuma ta ce ki zauna. Uwarsu ta saba da ke, daga yau a hannunki za a riƙa ba ki hakkinki, ba mai taɓa ki a cikin gidan ga.”

Na ce, “Ke me kika gani, Gwaggo?”

Ba ta yi mini wasa ba wannan karon. “Na san wadda ta shiga ta fito da wuri. Na san wadda ta shiga da ciki ƙarami, sai da goyo ta fito. Wurin ba shi da kyau, ɗiyata. Nan kuwa kina ci kina sha. Kakannina ma hanya suka biyo, suka samu wuri mai daɗi suka ce bari mu huta.”

Duk watannin nan abin da nake gudu ke nan, ankwa da ɗaki mai duhu, yanzu an ce in kai kaina da ƙafata. Daga ɗaki Hajja ta kira Sabah da muryar nan tata mai taushi, na ji ƙafata ta motsa za ta amsa tun kafin in yi niyya. Wannan motsin ya fi ɗan sanda ba ni tsoro.

Na ce, “Ki ce masa ina son ƙasar sawuna.”

Dakta ya buɗe hannu, ya ce ta riga ta manne a jikin jan dutsen nan, ba ta ɓamɓaruwa. Sai ya tashi ya shiga ɗakin, ya tsaya yana duban teburin, ya sa wuƙa ya ɓamɓaro jan dutsen nan gaba ɗaya, wanda ya fi kowanne kyau, ya bar farin rami a tsakiyar hamadarsa. Ya miƙo mini. Na tara hannu biyu na ƙanƙame jiki don nauyi, sai na ji kamar an ɗora mini faifai. Na fita da shi gindin lemo na taka, ya ɓare, cikinsa fari fat. Na murtsuke rairayin da tafin hannu na mayar wa tsakar gida, na zuba ruwa. Yana tsaye a ƙofa yana kallo.

Ban ce ya yi mini asiri ba, ban kuma ce bai yi ba. Allah ne masanin abin da yake zuciyar bawa. Lambar Nasiru dai har na bar ƙasar nan ba ta dawo mini ba.

Da gari ya waye na yi salla, na dafa wa Hajja ruwa, na yi mata wanka, na taje mata kai na shafa mata mai. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, sai da na zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Na ƙulle kayana a ɗankwali. Na ratsa tsakar gida na fita. Dakta bai ma gama shan shayinsa ba, ya leƙo ta taga ya gan ni tsaye a jikin motarsa, na riƙe murfin ƙofar, ina jira.